Da me za mu auna gidan jinya a Zariya?

Asibiti ba ya jiran mutum ya warke sarai kafin ya sallame shi. Da zarar hatsarin da ya kawo shi ya lafa, gadon ya zama na wani. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki aka kwantar da shi a asibitin koyarwa na Shika, da tsohuwar da ta zame a makewayi ta karye a kwankwaso, da matashin da mota ta kife da shi a hanyar Kano lakarsa ta taɓu, duk ranar sallamarsu iri ɗaya ce. Ana turo su a keke, wani da robar fitsari, wani da robar abinci a hanci, an miƙa wa 'yan'uwa takardar magani da ranar dawowa ganin likita. Daga nan ne doguwar jinya take farawa, ta watanni, wani lokacin ta shekaru.

Yawancinsu gida ake kai su, kuma in da hali hakan ya fi. Sai dai gidajen namu ba kamar da suke ba. 'Ya'ya maza suna Abuja ko Legas, matan suna koyarwa ko suna gidajen aurensu, uwargidan da za ta yi jinyar ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Shi ya sa mutane suke neman wata mafita: ƙaramin asibitin kuɗi da zai riƙe majinyaci wata da watanni, ko gidan haya da aka zuba wa gadaje aka ce na kula da tsofaffi ne, ko wani da za a ɗauka ana biyansa duk wata ya zauna da mara lafiya a ɗakinsa. Da aka zo zaɓe kuwa, abin da ido ya fara gani ake bi, wato fenti da tayil da talabijin da farar riga, sai kuma "ai wane ma can ya kai mahaifiyarsa".

Ni a ganina ingancin jinya abu ne da ake iya aunawa, kuma ma'aunin yana jikin majinyacin da kuma littafin da ake rubuta abin da aka yi masa. Ɗa ko 'yar da ba su taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba za su iya wannan awon. Gwamnatin jiha kuma wajibinta ne ta yi shi a hukumance, ta sanar da jama'a abin da ta gani.

Na san maganar da za ta fara fitowa: ɗan halak ba ya kai iyayensa gidan jinya. Ina girmama abin da ke ƙarƙashin wannan magana, domin tsoron Allah ne da sanin haƙƙin iyaye. Amma a dubi abin da take haifarwa. Wanda larura ta sa ya kai mahaifinsa irin wannan wuri a ɓoye yake yi, ba ya son unguwa ta ji. Idan ya tarar da abin da bai gamshe shi ba, ba zai ɗaga murya ba, don ƙorafin zai tona inda tsohon yake. Kunyar iyalai ta zama garkuwa ga duk mai gidan jinyar da ba ya aikinsa. Sannan duk abin da zan faɗa a nan ya shafi ɗakin da ke cikin gidanmu ma, don gyambon kwanciya bai san bambancin gidan haya da gidan gado ba.

Da fata za a fara. Mutumin da ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fatar da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa. Cikin sa'o'i kaɗan ɓarnar take somawa, kuma sau da yawa daga ciki take tasowa, kusa da ƙashi, kafin a ga komai a waje. Wuraren da take kamawa sanannu ne: ƙashin da ke saman ɗuwawu, dunduniya, gefen kwankwaso, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu da ƙeya. Littattafan Turawa jan wuri suke cewa a nema, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi sheƙi, kuma in an taɓa da bayan hannu a ji ya fi zafi ko ya yi tauri. Wannan shi ne mataki na farko, fata ba ta fashe ba, kuma in an ɗauke nauyi daga wurin yana iya komawa daidai. A na biyu ta yi bororo ko ta saɓule. A na uku rami ya kai kitse. A na huɗu ana hango tsoka ko jijiya ko ƙashi, kuma daga nan ƙwayoyin cuta kan shiga jini. Mutane da yawa da aka ce shanyewar jiki ce ta kashe su, wannan ramin ne ya ƙarasa su.

Maganinsa juyi ne, duk bayan awa biyu, dare da rana, sau 12 ke nan a kwana ɗaya. Ba a kwantar da mutum tsaf a kan kwankwasonsa, karkata shi ake yi kamar digiri 30 a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba. Ba a jan shi a kan zanen gado, domin jan yana yage naman da ke ƙarƙashin fata. Mutum biyu ne za su kama zanen da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa su ɗaga. Ba a murza wurin da ya canza launi da man zafi, ba a zuba masa hoda, ba a ɗora shi a kan zoben roba mai rami a tsakiya, wanda yake ƙara matse gefen. Katifar iska mai famfo tana taimakawa, amma ba ta ɗauke wa kowa juyi ba, kuma in wuta ta ɗauke ba janareta ko sola, sai ta sace ta bar mutum a kan abu mai tauri. Gidan da ya san aikinsa yana auna hatsarin kowane majinyaci tun ranar da aka kawo shi, da ma'aunin da ake kira Braden, mai maki 6 zuwa 23, inda 18 zuwa ƙasa ke nuna mutum yana cikin hatsari.

Saboda haka idan ka je duba wuri, ko duba naka da yake can, ka roƙi a juya shi a gabanka. "Sista, don Allah a taimaka a juya Baba in ga bayansa." In mace ce, 'yarta ko ƙanwarta ta yi wannan. Ka nemi takardar juyi, wadda ya kamata ta kasance a jikin gado da lokaci da ɓangaren da aka juya shi da sa hannun wanda ya yi. Ka dubi layukan ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare. Idan biro ɗaya ne da rubutu ɗaya tun daga safe har asuba, a zama ɗaya aka cike ta.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: mutum nawa ne ke aiki da dare, idonsu biyu? A yi lissafi. Juya mutum ɗaya da canza masa kunzugu da goge shi da gyara matasai yana cin mutum biyu kamar minti goma. In akwai majinyata goma da ba sa motsi, zagaye ɗaya ya ci minti 100 daga cikin 120, kafin a yi maganar mai amai ko wanda numfashinsa ya sarƙe. Gidan da ya ce yana da irin waɗannan goma da ma'aikaci ɗaya da dare, ya riga ya gaya maka ba a juya su. Ba mugunta ce ta ma'aikacin ba, aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A kuma tambayi ko cikin masu aikin dare akwai nas mai lasisin Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita, lasisi kuwa yana da lamba da ranar ƙarewa, kuma mai shi ba ya jin haushi don an ce a gani.

Sai lokacin cin abinci, wanda ya fi kowane lokaci dacewa da ziyara. Kusan rabin masu shanyewar jiki suna samun matsalar haɗiya a farkon ciwon. Abin da ya kamata ya bi maƙogwaro zuwa ciki sai ya kauce ya gangara huhu, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da haki su taso, a ce sanyi ne ya kama shi. Wanda ya iya ciyarwa zai zaunar da majinyaci tsaye sosai, kansa ya ɗan sunkuyo, ya ba shi da ƙaramin cokali, ya jira ya haɗiye kafin ya ƙara, ya duba kuncin ɓangaren da ya shanye ko abinci ya maƙale, sannan ya bar shi a zaune aƙalla minti 30. Tari a tsakiyar ci, ko murya ta koma kamar mai kurkurar baki, alama ce ta a dakata a kira wanda zai duba haɗiyar. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tsinkakken ruwa ya fi kunu mai kauri saurin kaucewa. Kuma mutumin da yake magagi ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwan rubutu ne ko zamzam. A shafa masa a fuska da leɓe har ya farfaɗo sosai. Ana wanke baki sau biyu a rana ko da ta hanci yake ci, domin ƙazantar baki ce take bin yawu ta sauka huhu.

Mai robar hanci kuwa, kafin kowane ɗuri sai an tabbatar robar tana cikin ciki. A dubi alamar da aka yi mata a bakin hanci ko ta gusa, a zuƙo ɗan ruwan ciki a gwada da takardar gwajin tsami. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara da abin sauraren ƙirji ba abin dogaro ba ce. Ana ɗaga kan gadon, a zuba a hankali, a bi da ruwa don kada ta toshe.

Me ake ba shi? Koko da safe, shayi da burodi, fate da rana, duk suna cika ciki amma ba sa rufe gyambo. Mai ciwon kwanciya yana buƙatar abinci mai gina jiki giram 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa, in ƙodarsa lafiya take. Mai kilo 60 yana neman giram 75 zuwa 90 ke nan a rana, alhali ƙwai ɗaya kamar giram 6 ne kawai. Dole a haɗa da wake, alale, awara, kifi, kindirmo, kunun gyaɗa da madara. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato leda uku zuwa huɗu na fiya wata, sai fa in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma a zafin Maris zuwa Mayu na Zariya yana iya bushewa bai ce uffan ba. Busasshen harshe da fitsari kaɗan mai duhu su ne shaida. A auna nauyi duk wata. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari a wata guda, ko kashi 10 a wata shida, akwai matsala. In ba sikelin da zai ɗauki wanda ba ya tsayuwa, tef ɗin tela ya isa: a auna tsakiyar damtse, ƙasa da santimita 23.5 rama ce.

Robar fitsari ba ta buƙatar dogon bayani. Jakar ta kasance ƙasa da mara amma ba a yashe a ƙasa ba, bututun bai lanƙwashe ba, an manne shi a cinya, ana zubarwa kafin ta cika. A rubuce a ga ranar da aka sa ta, don ta roba zalla ba ta wuce mako huɗu, ta silikon kuwa takan kai mako 12. Tambayar da ta fi ita ce me ya sa aka sa ta. In don fitsari ya ƙi fita ne, ko don kare babban gyambo, to. In don a rage wankin zannuwa ne, an sayo wa majinyaci ciwon mara da kuɗinsa.

Yanzu ga gashi, wato horon motsa gaɓoɓi don jiki ya dawo aiki, inda aka fi yi wa iyalai rufa-ido. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke wa tana da wani lokaci da take saurin koyon sababbin hanyoyi, kuma mafi yawan abin da zai dawo yana dawowa ne a wata uku na farko, ya ci gaba a hankali zuwa wata shida da bayansa. Duk makon da aka ɓata a kwance a wannan tsakanin asara ce mai wuyar mayarwa. Haska wa hannu jar fitila da mulmula shi da mai yana da daɗi, yana rage ciwo, amma ba ya koya wa ƙwaƙwalwa komai. Abin da ke koya mata shi ne majinyacin ya yi aikin da kansa, ya maimaita, ya sake maimaitawa: mirginawa, tashi zaune, zama a bakin gado ba tallafi, miƙewa tsaye, komawa kan keke, ɗaukar cokali, riƙe buta. A Ingila ƙa'idar da aka sabunta a 2023 ta ce wanda zai iya ya samu awa uku na irin wannan horo a rana, kwana biyar a mako. Ba na cewa kowane gida a Tudun Wada ko Samaru zai kai haka gobe. Amma wurin da likitan gashi yake leƙowa sau ɗaya a mako na minti 20, sauran kwanakin mutum yana kallon silin, bai cancanci ya karɓi kuɗin gashi ba.

Yadda za a gane na gaske shi ne yana da buri a rubuce mai ranar cika. "Nan da mako biyu Malam zai zauna a bakin gado minti goma ba wanda ya riƙe shi." "Nan da wata guda Hajiya za ta je makewayi da ƙarfen tafiya da mutum ɗaya a gefenta." Akwai ma'auni mai sauƙi, Barthel, wanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100 a kan abubuwa goma: ci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe bahaya, riƙe fitsari, shiga makewayi, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya da hawan matakala. A cike shi ranar shiga, a sake duk mako biyu ko duk wata. In an yi wata biyu makin bai motsa ba, kuma ba wanda ya zauna da iyali ya yi musu bayanin dalili, "ana samun sauƙi, Alhamdu lillahi" ba amsa ba ce. Shi ma likitan gashin yana da hukumar da ke ba shi lasisi, MRTB, kuma ya kamata ya koya wa masu aikin yau da kullum da 'yan'uwa abin da za su ci gaba da yi in ba ya nan.

A lura da yadda ake ɗaga majinyaci. Duk wanda ya kamo hannun da ya shanye ya ja, ko ya zura hannu a hammata ya ciccibo, yana iya gocar da kafaɗar, ciwon da zai hana gashin hannun gaba ɗaya. A dubi tafin ƙafa ko ya fara saki yana kallon ƙasa, a dubi yatsu da gwiwa ko sun fara ƙagewa. Gaɓar da ba a motsa ta kullum takan sandare cikin makonni. Ruwan zafi kuma, wanda muke ganin gata ne, yana ƙona ƙafar da ba ta ji, musamman ta mai ciwon suga. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Magani kuma takarda ce za ta yi magana: sunan kowane magani, lokacinsa, da sa hannun wanda ya bayar. Awon jini da na suga a rubuce, kuma ma'aikaci ya san cewa suga ƙasa da 70 gaggawa ce. Insulin da ba a buɗe ba firji take so, tsakanin digiri 2 da 8, don haka a tambayi abin da ake yi in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Akwai wani gwajin da ba ya buƙatar takarda. Ka shiga da hantsi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. In ka tarar da yawancin tsofaffin suna sharar barci, baki a sake, ka tambayi abin da ake ba su da dare da kuma likitan da ya rubuta. Maganin barci irin su diazepam yana sa gida ya yi tsit, yana kuma jawo faɗuwa da sarƙewa da ƙarin ruɗewa. Tsohon da jiya yake hira yau ya birkice, kada a yi saurin cewa gigin tsufa ne ko iska. Sau da yawa ciwon mara ne, ko ciwon huhu, ko rashin ruwa, ko bahaya ko fitsarin da ya ƙi fita, ko suga ta faɗi, kuma duk suna da magani.

Ɗaure mutum a jikin gado da zane ko igiya don kada ya tashi, wannan ba jinya ba ce. Jihar nan ta ga inda rufaffiyar ƙofa take kaiwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa, kuma makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da nan Zariya. Waɗancan gidajen gyaran tarbiyya ne, ba na tsofaffi ba, amma abin da ya ba su damar daɗewa shi ne abin da nake tsoro a nan: iyalai sun miƙa nasu, sun biya, ba sa shiga ciki, hukuma ma ba ta shiga. Gidan da ya ce sai ranar kaza kawai ake ziyara, ko sai a ofis za a fito maka da majinyacinka, ko ya karɓe masa waya, a bar shi.

Gini shi ne na ƙarshe a lissafina, ko da yake yana da nasa. Gangarar keke ta zama mai sauƙi, duk tsayin santimita 30 a ba shi tsawon mita 3.6. Ƙofa ta wuce keke, makewayi na zama da ƙarfen kamawa a bango, daɓen da ba ya santsi in ya jiƙe, fitila a hanyar makewayi da dare, gidan sauro, ruwa da sabulu kusa da gadaje, a kuma ga ana canza safar hannu tsakanin mutum da mutum. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Hanci ma ma'auni ne. Warin da ya taso yanzu ya wuce ba laifi ba ne, amma zarnin da ya kama labule da katifa yana nufin ana barin mutane a jiƙe. Ƙaiƙayin da ya zagaye ɗaki ƙazuwa ce, kuma duk mai tarin da ya haura mako biyu a gwada shi, ga cibiyar tarin fuka da kuturta nan a Saye, maganin kuma kyauta ne. A tambayi likitan da ke zagayawa da ranakun zuwansa, da motar da za ta ɗauki mutum ƙarfe biyun dare, da asibitin da za a nufa.

Mutunci ba ya shiga takarda, amma ana jinsa. Mace ce ke yi wa mace wanka? Ana jan labule? Ana cewa "Inna, za mu juya ki yanzu" kafin a taɓa ta, ko sai dai ta ji an kinkime ta? Ana taimaka wa mai salla da alwala ko taimama, a fuskantar da shi alƙibla? Kiristan da aka kawo daga Wusasa ko Sabon Gari, ana barin fastonsa ya shigo? Tsohon da aka daina kiran sunansa yakan daina ci, kuma wanda ya daina ci gashi ba ya yi masa amfani.

Duk wannan bai kamata ya rataya a wuyan iyali kaɗai ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce cibiyar lafiya sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ta maye gurbin ta 1958 a Janairun 2023. Takardu dai akwai su. Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna shi ne ta ɗauki duk wurin da ke kwantar da majinyata na dogon lokaci don kuɗi a matsayin cibiyar lafiya, ko me mai shi ya rubuta a allon ƙofa. Ta yi masa rajista, ta riƙa kai ziyarar ba-zata har da ta dare, mai binciken ya duba bayan majinyata da idonsa. Kowane gida ya riƙa kawo alƙaluma duk wata uku: gyambo nawa ya fito bayan shigowa, faɗuwa nawa, mutum nawa suka rame, nawa aka garzaya da su asibiti, nawa suka koma gida da makinsu ya ƙaru. Amurka tana ba irin waɗannan gidaje taurari ɗaya zuwa biyar tun 2008, kowa yana iya dubawa. Mu ko a allon sakatariyar ƙaramar hukuma da rediyo aka sanar, ya wadatar. Sai dai a yi hattara, alƙaluma kaɗai suna iya sa gidaje su riƙa gudun masu tsananin ciwo don lissafinsu ya yi kyau, shi ya sa dole a rubuta halin da kowa ya shigo da shi.

Za a ce tsaurara ƙa'ida zai ƙara tsada, ƙananan wurare su rufe, talaka ya rasa inda zai je. Akwai gaskiya a ciki, don haka ba na goyon bayan a fara da kulle ƙofofi, sai inda aka tarar da ɗauri ko duka ko yunwa. Yawancin abin da na lissafa matashi ne da agogo da littafin rubutu da tef. Abu mai tsadar shi ne ma'aikata, kuma nan ne gwamnati za ta sa hannu. Ga makarantar koyon aikin jinya ta asibitin koyarwa, ga makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi. Za su iya shirya gajeren horo na 'yan makonni ga masu taimakon jinya da 'yan'uwan majinyata, a kan juyi da ciyarwa da ɗagawa da gane alamun hatsari, a ba da shaida. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ita ma ta ba jinyar bayan sallama nauyin da ya dace da ita, musamman gashin wata ukun farko.

Kafin a kai ga haka, wanda zai kai nasa ya nemi yarjejeniya a rubuce: abin da kuɗin wata ya ƙunsa, wa zai sayi kunzugu da kayan wankin ciwo, gashi sau nawa a mako, wa za a kira in abu ya faru. Ranar shiga a duba fatar majinyaci tare da nas, a rubuta, kowa ya sa hannu. 'Yan'uwa su raba ziyara, wani da asuba, wani lokacin abinci, wani bayan isha'i, ba tare da sanarwa ba. In an ga wurin da ya canza launi, a ɗauki hotonsa da kwanan wata, a nemi a daina kwantar da shi ta nan, a sake dubawa washegari. In rami ne mai wari ko mugunya, ko ga zazzaɓi, ko mutum ya fara ruɗewa, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, sannan a kai ƙorafi a rubuce ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar da ta ba ma'aikacin lasisi, a haɗa da hotunan da kwafin takardar juyi.